Haruffa Shida a Littafin Kawu

Ranar sadakar arba'in ɗin Kawu, bayan la'asar, malamin da zai raba gado ya zauna a zauren gidan da ke Zango, aka jibge masa takardu a gabansa. Ya duba takardar gida, ya duba ta magazar da ke kusa da Kasuwar Dole, ya bi littafin bashi layi-layi yana gyaɗa kai. Da ya kwance wani tsumma ya fito da kaye uku irin na 'yan lakkwal, sai ya tsaya. Kowane shafi na shekara guda ne. A saman kowane shafi Kawu ya rubuta haruffan ajami shida, kaf, sin, ra, ba, shin da mim, ƙarƙashin kowanne kuma akwai lamba. A shafin ƙarshe lambobin su ne 13, 14, 15, 14, 12, sai sifili.

"Waɗannan mutum shida su wane ne?" in ji Malam. "Ba a raba gado sai an fitar da bashi. Ku nemo su."

Aka ɗora mini aikin, don ni ne ɗan 'yar'uwarsa da ya fi zama da shi a rumfa.

Kawu ɗan kasuwar wake ne. Da kaka yakan bi kasuwannin Matamaye, Kance, Magariya da Mirya yana saye tiya-tiya, ya cika magaza, ya kulle. Sauran shekara kuma jiran dillalan manyan motocin da ke gangarawa Najeriya yake yi, waɗanda kayansu kan ƙare a Maigatari ko Dawanau ta Kano. Sana'a ce babba, domin a duniya Najeriya ce kaɗai ke gaban Nijar wajen noman wake. Jira kuma tsohon abu ne a Damagaram. Tun zamanin Sarki Tanimun, lokacin da ayari ke tashi daga nan da fatu da gashin jimina ya bi ta Agadas zuwa Tarabulus, attajiran Zango irin su Malam Yaro da suka biyo baya sun san cewa rabin fatauci sanin ranar sakin kaya ne.

Na fara da zancen bashi, kuma bai ɗauke ni kwana biyu ba ya rushe. Littafin bashin Kawu daban yake, da cikakken suna da shaidu, duk wanda ya biya an soke shi. Haruffan nan shida kuwa ba a taɓa soke ko ɗaya ba, kuma su ne dai a kowane shafi, shekara wajen talatin, a jere ɗaya. Babu mutum shida da za su ci bashi iri ɗaya tsawon wannan lokaci ba wanda ya mutu ko ya yi ƙaura. Wani ɗan'uwanmu ya ce hatimi ne na neman kasuwa. Malam ya buga hisabinsa a kan haruffan, ya ce ba su haɗa komai ba. Abin da na riƙe daga wannan zagaye abu biyu ne. Shafin farko na 1994 ne. Lambobin kuma sau ɗaya tak suka canza, bayan 2008, inda kowace ta ƙaru da ɗaya, ban da sifilin.

Sai na shiga wurin Inna, uwargidansa, tana takaba.

"Ɗan nan, ni ban iya karatu ba," in ji ta. "Amma na san in dillali ya zo ya yi tayi, kawunka yakan shigo ɗaki ya buɗa wannan abu, ya fita ya ce ba ta kai ba. Ranar da ya ce ta kai, kafin magariba magaza ta zama wayam."

Na ce, "Inna, mece ce ba ta kai ba?"

"Kasuwa mana. Yakan ce ta kaka daban, ta sanyi daban, ta rani daban. In bazara ta shigo yakan fara sassautowa. Da an yi shuka ba ya dogon ciniki. In marka ta kama kuwa, ko nawa aka taya sallamawa yake."

Tana faɗa ina bin haruffan da yatsa. Kaka, sanyi, rani, bazara, shuka, marka. Mutum shidan da muke nema ashe lokutan shekara ne. Kuma na gane dalilin da ya sa bai yi amfani da watannin Musulunci ba, duk da shi mutumin allo ne: su suna zagayawa, wake kuwa ruwan sama yake bi.

Saura lambobin. Da farko na ɗauka farashin buhu ne da jika, wato jika 13 da kaka, jika 15 da rani. Amma a ƙasan kowane shafi ya rubuta abin da ya saya da abin da ya sayar, kuma kuɗin sun sha bamban daga shekara zuwa shekara, alhali lambobin sama suna nan yadda suke. Abin da ya warware mini shi ne shekarar da ya fara littafin. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk wani farashi da ɗan kasuwa ya haddace ya zama tarihi cikin dare ɗaya. Wanda kuma yake sayar wa masu naira ya saba ganin kuɗi yana narkewa a hannu. Na ce to, mutumin da ya ga haka ba zai sake dogara da jika ba, zai nemi ma'aunin da ba ya karyewa. Na ɗauki kuɗin sayarwa na raba da kuɗin saye, shafi bayan shafi. Lambobin suka fito. Ma'anarsu ita ce a kan kowace goma da ya kashe da kaka, nawa zai karɓa ya saki kaya. In ya sayi buhu jika 20, lambar sanyi 14 tana nufin ba zai buɗe magaza da sanyi ba sai an taya jika 28. Na bi duk ranakun da ya sayar, na tarar kowace ita ce ranar kasuwa ta farko da tayi ya haye lambar lokacin. Shekara ɗaya ce kawai ta saɓa.

Na kai wa Malam wannan, ya ce alhamdu lillahi, babu bashi, aka raba gado. Amma ni abin bai sake ni ba. Me ya sa lambobin ke hawa su sauko? Me ya sa mutum zai ƙi ribar uku a kan goma da sanyi, ya zo ya karɓi ribar biyu da shuka yana murna? Daga ina ma ya samo su?

Ɗiyar yayana ce ta ba ni amsa. Ta karanta lissafi a jami'ar Damagaram, ta ƙaro karatun harkar kuɗi a Dakar, ta zo gaisuwa. Na nuna mata shafin. Ta ɗauki biro ta ɗiga lambobin a takarda, ta haɗa su da layi, sai ga wani tudu da ya hau a hankali ya gangaro da sauri. Ta yi dariya.

"Baba, wannan ai iyakar sallamawa ce. Mun yi wata uku muna koyon zana ta."

Ga yadda ta bayyana mini. Mai wake a magaza abu biyu ya mallaka. Akwai waken, akwai kuma damar zaɓen ranar da zai sayar. Damar nan dukiya ce mai daraja, ko da ba a auna ta da tiya. Ranar da ya sallama, ya karɓi kuɗin wake, damar kuma ta mutu. Don haka tayin yau sai ya biya shi abin da jira zai iya kawowa, bayan an cire hayar magaza, ɓarnar ƙwari da zaman kuɗi ba juyi. Da sanyi akwai ranakun kasuwa da yawa a gaba, ga tsadar rani tana tafe, ga masu neman iri, saboda haka jira yana da tsada, 13 ba ta isa ta saye shi ba. Da shuka ranakun sun kusa ƙarewa. Da marka sabon wake yana bakin ƙofa, damar ta ƙare, sai sifili. Kasuwa a kai miki dole.

Ta ce masana harkar kuɗi suna kiran irin wannan dama haƙƙin zaɓi, wato mutum yana da ikon saye ko sayarwa amma ba tilas a kansa. Mafi kusa da shi a wurinmu shi ne kafin alƙalami: ka ba da wani abu a riƙe maka kaya, in ka ga dama ka cika, in ka fasa ka yi asarar abin da ka bayar. A 1973 aka buɗe kasuwar takardun irin wannan haƙƙi a Shikago ta Amurka, kuma a shekarar ne Fischer Black da Myron Scholes, da Robert Merton a nasa ɓangaren, suka fitar da lissafin kimanta su. Scholes da Merton sun karɓi kyautar Nobel a 1997, bayan rasuwar Black da shekara biyu. A 1977 Stewart Myers ya nuna cewa irin wannan dama tana nan cikin dukiyar zahiri, kamar ma'adinin da za a iya jinkirta haƙarsa ko masana'antar da za a iya faɗaɗawa. Sai dai lissafin Black da Scholes na zaɓin da ke da rana ɗaya tak ne, wanda ake kira irin na Turai. Na Kawu, wanda ake iya zartarwa kowace rana kafin wa'adi, shi ne irin na Amurka, kuma shi ya fi ba masana wahala.

Na ce, "To shi da bai je lakkwal ba, ina ya samo lambobinsa?"

"Baba, ka duba bayan littafin?"

Ban duba ba, don na ɗauka gwajin biro ne. A bayan kowane kaye akwai shafuka shida, kowanne da harafinsa, cike da lambobi biyu-biyu a jere. Ta ɗan yi shiru tana bi, sannan ta ce ta dama farashin wannan lokaci ne a wata shekara, ta hagu kuma abin da wanda ya jira ya samu daga baya a shekarar. Kawu ya riƙa rubuta wannan ko ya riga ya sayar da nasa. Yana tambayar shekarun da suka wuce abu ɗaya: duk lokacin da kasuwar shuka ta kai kaza, wanda ya jira me ya ƙare da shi?

Ta ɗauki shekaru huɗu ta yi mini misali. A ce da shuka farashi ya kasance 10, 11, 13 da 14, waɗanda suka jira marka kuma suka samu 12, 10, 14 da 12. Ta ɗiga su a takarda, ta ja layin da ya fi kusa da ɗigon huɗu gaba ɗaya. Layin ya ce mai 10 a hannu in ya jira yana sa ran 11.2, mai 11 yana sa ran 11.6, mai 13 yana sa ran 12.4, mai 14 kuma 12.8. Ƙasa da 12 jira ya fi, sama da 12 sallamawa ta fi. Inda farashin yau ya yi daidai da abin da ake sa rai, nan ce iyaka, ga ta nan 12, lambar da ke ƙarƙashin shin. Ta nuna mini cewa dokar ba kullum take cin nasara ba. A shekarar 11 ta ce a jira, aka ƙare da 10. A shekarar 13 ta ce a sayar, alhali da an jira da an samu 14. Amma a ranar yanke shawara ba wanda ya san wace shekara yake ciki, abin da ke hannunsa farashin ranar ne kawai. Wannan hanyar jan layi mai mafi ƙarancin kuskure, Bafaranshe Legendre ya wallafa ta tun 1805. Kawu da ido yake jan nasa.

Matsalar Kawu ita ce shekarunsa kaɗan ne, ɗigo talatin a rayuwa guda. Nan kwamfuta ke shigowa. Ana ba ta tarihin farashi ta koyi halinsa, yadda yake hawa da rani, yadda yake tsalle, yadda yake komawa, sai ta ƙirƙiro shekaru dubu goma na kwaikwayo, kowace da tata tafiyar. Ana kiran dabarar Monte Karlo. Stanislaw Ulam ne ya faro ta a 1946 tare da John von Neumann a Los Alamos, aka laƙaba mata sunan garin nan na gidajen caca saboda tana aiki da ƙuri'a, kuma Phelim Boyle ya shigo da ita kimanta haƙƙin zaɓi a 1977. An daɗe ana ganin ba za ta yi aiki ga irin na Amurka ba, saboda wani tarko. Kwamfutar da ta ƙirƙiri shekara ta san ƙarshenta. In ka bar ta ta zaɓi ranar sayarwa, za ta ɗauki ranar da ta fi tsada a kowace shekara, ta ba ka ribar da ba ɗan Adam da zai samu. Lissafin da-na-sani ke nan, ita kuwa ƙeya ce.

Masana da dama sun taɓa maganin abin, amma wanda ya karɓu shi ne na Francis Longstaff da Eduardo Schwartz na jami'ar Kaliforniya a Los Anjelis, a 2001. Suka ce a fara daga ƙarshe. Da marka ba shawara, kowa ya sayar. A dawo shuka, a jera farashin ranar da abin da jira ya kawo a duk shekarun dubu goma, a ja layi, a yanke wa kowace shekara hukunci da layin, ba da abin da ya faru a cikinta ba. A sake dawowa bazara a yi haka, ana lissafa cewa mai jira zai bi dokar shuka da aka riga aka samo. Haka har kaka. Daga nan a tara abin da kowace shekara ta samu a raba, a cire abin da mai sayarwa nan take zai samu, abin da ya rage shi ne darajar makullin magaza. Layin shi ke rufe wa kwamfuta ido kada ta leƙa gobe.

Ɗiyata ta kwana biyu a kan aikin. Ta haɗa farashin littafin Kawu da wanda hukumar SIMA ke tattarawa a kasuwannin ƙasa, ta saki kwamfuta. Tudun da ya fito irin na Kawu ne, hawa a hankali, gangara da sauri. Sai ta rage ɓarnar ƙwari a lissafin, tudun duka ya ɗaga sama. Nan na tuna canjin bayan 2008. A lokacin ne buhun nan mai riɓi uku ya shigo kasuwanninmu, wanda jami'ar Purdue ta Amurka da masu binciken INRAN na Maradi suka yaɗa tun daga 2007, mai toshe iska har ƙwarin wake su mutu ba tare da magani ba. Da ajiya ta daina cin wake, jira ya ƙara daraja, Kawu ya ƙara ɗaya a kowace lamba, ban da sifilin.

Abu ɗaya ya rage. Lambobin kwamfuta na kaka, sanyi da rani sun fi na Kawu da kusan ɗaya. Ta ce ko dai tsoho ya yi kuskure, ko akwai abin da ba ta saka ba. Na buɗe mata shafin shekarar da ta saɓa. Kakar 2019 ce. A watan Agusta na shekarar Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. A shafin Kawu ya sayar ƙasa da lambarsa, bai rubuta dalili ba. An sake rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, sannan a Oktoba 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi waje, ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Kwamfuta daga shekarun da aka ba ta take haifo nata, abin da bai faru a cikinsu ba ba ta san shi ba. Kuma ita tana da shekara dubu goma da mai kyau za ta rufe maras kyau. Kawu shekara ɗaya yake da ita a kowane karo, da jarin mutane a wuyansa da iyali a gida. Ɗayan da ya rage kuɗin kwanciyar hankalinsa ne.

Daga ranar na fara ganin lissafin nan a wurare da yawa. Man Agadem an san da shi shekaru da dama kafin a taɓa shi. Sai a 2008 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin CNPC na Sin, a Nuwamba 2011 aka buɗe matatar SORAZ a kan hanyar Tanut mai tace ganga 20,000 a rana, bututun kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin kuma sai a 2024 ya fara fitar da mai. Jinkiri, farawa da kaɗan, faɗaɗawa daga baya, kowanne zaɓi ne mai daraja, kuma da irin wannan hanya kamfanonin mai da na ma'adinai ke kimanta su. Kusa da gida akwai warantaji, wanda shirin FAO ya yaɗa a Nijar tun 1999: manoma su zuba amfaninsu a magaza mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance, su karɓi kuɗi da kaka, a buɗe bayan wata biyar ko shida. Ya ceci da yawa daga sayar da wahalarsu da arha. Amma magazar da ba ta buɗuwa sai rana ɗaya zaɓi ne irin na Turai. In kasuwa ta yi tsalle da sanyi, manomi yana kallo ta wuce.

Da na ba Malam labarin, ya ja mini kunne a kan abu biyu. Ya ce Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa sayar da haƙƙin zaɓi shi kaɗai a matsayin haja bai halatta ba, kuma kafin alƙalamin da mai kaya ke cinyewa in an fasa, Malikiyya ba su yarda da shi ba, Hambaliyya ne suka yarda. Na ce, "Allah gafarta Malam, Kawu bai sayar wa kowa takarda ba, wakensa ne a magazarsa." Ya ce haka ne, saura ɓoye abinci. Wannan Inna ce ta amsa. Na tambaye ta me ya sa babu shafin gero a littafin, alhali yakan saye shi. Ta ce a yunwar 2005 ma tiya-tiya ya riƙa fitar da shi a ƙofar gida har ya ƙare. Yakan ce wake na Kano ne, gero na maƙwabta.

Littattafan uku suna hannun ɗiyata yanzu. Kirana ga ƙungiyoyin manoma da masu magaza daga Mirya zuwa Magariya shi ne kowa ya sayi kaye, ya riƙa rubuta farashin kowace ranar kasuwa, ko yana da kaya ko ba shi da. Ku zauna tun kaka ku yanke lambar da za ku sallama a kowane lokaci, kafin dillali ya zo yana kaɗa kuɗi. In za ku sa hannu a takardar warantaji, ku nemi a rubuta cewa ana iya buɗe magaza kafin wa'adi muddin kasuwa ta kai lambar kuma za a biya rance. 'Ya'yanmu da ke jami'a sun iya sauran lissafin.